Tabon Gira

Likita ya ce Alhamis ce rana ta ƙarshe. Idan Mama ba ta sa hannu an yi mata aiki ba, sai dai mu ɗauke ta mu koma gida. Ita kuwa ta kafe, ba mai taɓa ta da wuƙa sai ta tabbatar yayyena biyu, Babban Yaya da Dogo, sun tsaya wuri ɗaya. Shekara shida ke nan ba sa ga maciji, kan wata magana da aka yi ranar rasuwar Baba, wadda har yau kowa da yadda yake ba da ita.

Ni ne auta, don haka ni ne mai zirga-zirga. Na je ofishin Yaya, ya ce Dogo ya fara zuwa. Na je garejin Dogo, ko fitowa bai yi daga ƙarƙashin mota ba. Manyan mutane har da furfura, amma wallahi sai da na ji kamar in haɗa kawunansu in gwara.

Sana'ata hoto ce, kuma mutum ɗaya ake bari ya shiga ɗakin da Mama take kwance, don haka hoton su biyun zai isa shaida. Ranar Laraba da hantsi na rufe shago, na shige ɗakin wankin hoto, na kunna jan ƙwan lantarki. Ina da tsohon fim ɗin kowannensu. Na rufe rabin takarda da kwali na haska Yaya, na mayar da kwalin ɗaya gefen na haska Dogo.

Ashe ko a takarda halinsu na nan. Fim ɗin Yaya daƙiƙa huɗu ta ishe shi, na Dogo sai goma sha biyu. Da na raba musu haske daidai, Yaya ya fito baƙi ƙirin, Dogo kuma kamar fatalwa. Na ɓata takarda bakwai ina ƙara wa wannan ina rage wa wancan, gumi na ɗiga cikin ruwan magani. Tsoro nake ji, tsoro sosai, don takarda biyu kacal suka rage.

Ta takwas ta yi kyau, sai dai hasken Yaya daga dama yake zuwa, na Dogo daga hagu, sai ka ce rana biyu ce a ɗaki ɗaya. Na kifa fim ɗin Yaya, damarsa ta koma hagu. Ta tara ta fito tsaf: kafaɗa da kafaɗa, inuwa na kallon gefe guda. Na zauna a ƙasa na yi kuka.

Da safe na miƙa wa Mama hoton.

"Jiya suka haɗu a shagona. Sun shirya, Mama."

Ta sa tabarau ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗora yatsa a fuskar Yaya.

"Auta, yaushe tabon nan ya yi ƙaura?"

"Wane tabo?"

"Na girarsa. A hagu yake. Kan dutsen guga ya faɗa, ni na goya shi da gudu, jinin yana zuba a kafaɗata. Yau kuma ga shi a dama."

Na lissafa haske, na lissafa inuwa, ban tuna da girar mutum ba.

"Ba su zo ba ke nan," ta ce.

"Ba su zo ba."

Ta kama hannuna ta juya shi, ta ga yadda magani ya rina min farata. Ina jira ta ce in haɗa mata kayanta.

"Kai da ko ƙaryar wasa ba ka iya ba," ta ce a hankali. "Shekara shida ina kallon su biyun, ban ga abin da nake yi maka ba. Je ka kira likitan, ya zo da takardarsa."

Na miƙa hannu zan karɓi hoton, ta tura shi ƙarƙashin matashinta.

"Bar min shi. Ko na ƙarya ne, ba ni da wani."