Rahusar Watan Fatalwa

Chiu-yen ta sake tura wayarta gaban ma'aikacin kamfanin tafiye-tafiye. "Malam, duba da kyau. Rabin kuɗi fa? Ko jirgin ruwan ya huje ne?"

"Lafiyarsa ƙalau," in ji shi, ko kai bai ɗago ba. "Watan fatalwa ne. Wa zai hau teku a watan da aka buɗe wa matattu ƙofa?"

Ta daɗe tana farautar rahusa don ta kai mahaifiyarta yawo a irin manyan jiragen ruwan da ke tsayawa a tashar Keelung, likita kuma ya ce tsohuwar ba za ta ga sanyin bana ba. Ga dama ta samu, amma kash, a wane wata! Tsohuwar da ko shanya ba ta bari ta kwana a waje a wannan wata na bakwai, balle a doshi ruwa. Tun da teku ta cinye mijinta masunci, ko gawarsa ba a gani ba, take haka.

Chiu-yen ta koma gida hannu rabbana. Ta tarar da mahaifiyarta a ƙofa, tana ƙona kuɗin takarda na bogi da ake aika wa matattu, ga kwanon shinkafa a gefe. Ta ba ta labarin da dariyar yaƙe.

"Je ki saya," in ji tsohuwar.

"Haba Mama! Ba ke kika ce waɗanda ruwa ya ci suna jan ƙafar masu rai ba?"

"Na faɗa. Lokacin ina da ƙaramar yarinya da zan raina." Ta tura wata takardar cikin wuta. "Kowace shekara ina ajiye wa babanki abinci a nan, kyanwar maƙwabta ke ci. Wanda ruwa ya riƙe ba ya hawowa tudu, 'yar nan. Tunda ya kasa zuwa, ni zan je. Ki ce su ba mu ɗakin ƙasa, mai taga daf da ruwa."

Chiu-yen ta shige ciki don kada a ga hawayenta, ta kira ma'aikacin.

"Ɗakin ƙasa?" ya ce da fara'a. "Kai, kun yi sa'a! Ai shi ya fi araha."