Bakin Idrisa Take Jira

"Iya, don Allah ki sha kunun nan," in ji Balki.

Tabawa ta kau da kai. "Sai Idrisa ya zo."

Balki ta dire kwanon da ƙarfi. Tun da ciwo ya kwantar da maƙwabciyar tata a bukkarta ta unguwar Lazaret a Yamai, maganar ke nan guda: kakanninta bayin gidan su Idrisa ne a Tawa, kuma babu wanda ya taɓa buɗe baki ya ce ya ƴanta ta. A ganinta, in ta mutu haka, sallolinta a rataye suke.

An yi, an yi. Liman ya zo ya ce babu bawa yau. Dattawan ƙungiyar samariya da ke sasanta mutanen unguwa sun zauna har rana ta karkata. Balki kanta ta ce ko sojan da ke mulki ba su san wannan zance ba. Tsohuwa ta ce ba soja ne suka sayi kakarta ba.

Abin da ya fi ƙona wa Balki rai shi ne Idrisa kansa, uban gidan da ake jira. Fari ya cinye shanunsa kaf, ya faɗo Yamai da riga ɗaya, yana dako a Babbar Kasuwa. Tuwon jar dawar taimako da Tabawa ke tuƙawa shi ya riƙe masa rai. Amma in ya shigo, sai ta sauka daga tabarma ta zauna a ƙasa.

Da kanta Balki ta je ta jawo shi, ƙurar buhu duk a kansa. Ya durƙusa a bakin ƙofa yana murza hula.

"Iya, ni wa? Ni da nike ci hannunki? Ku yahe muna abin da kakanninmu sunka yi."

"Ba shi na tambaye ka ba," in ji Tabawa.

"Kai, bawan Allah!" Balki ta daka masa tsawa. "Matar nan numfashinta sama-sama, kai kana kunya? Ka hwaɗi mana!"

Ya ɗago kai. "Na ƴanta ki, duniya da lahira. Balki shaida ce."

Tabawa ta lumshe ido, ta daɗe. Da ta buɗe, sai ta dube shi tsakiyar ido, abin da Balki ba ta taɓa gani ba. Ta miƙe ƙafafunta a kan tabarma.

"Idrisa."

"Na'am, Iya."

"Tashi ka ɗebo mini ruwa."

Balki ta yunƙura, tsohuwa ta riƙe mata zane. "Shi na aika."

Randa babu ko ɗigo, sai da ya bi layin famfo. Ko da ya dawo, Balki ta riga ta ja mayafi ta rufe wa Tabawa fuska. Ya tsaya a bakin ƙofa, moɗa cike a hannu biyu, ruwan yana ɗiga a kan yatsun ƙafarsa.