Aron Waifa

Tun ranar da ta karɓi makullin bas ɗin makarantar yara, direbobi suka laƙaba mata 'Yar Digiri. Ta shanye dariyarsu, ta shanye ba ta bas mafi tsufa da suka yi. A kan gwaji take, kuskure ɗaya a sallame ta, ga ƙanne a gida suna duban hannunta.

Rani ya gasa robar waifa, abin share ruwa a gilashin bas ɗin. Ta shafa yatsa a bakin robar, baƙi ya biyo, ga tsaga ko'ina. Da ta kunna, sai ƙara da zane a gilashi. Ta sami babban direba.

"Baba, waifata ta mutu. A canza kafin ruwa ya sauka."

"Ke 'yar nan, mu sai an yi ruwan fari muke canzawa. Wa ke sayen waifa rana na dukan ƙeya? Ko a digirin aka koya miki?"

"Yatsana ne ya koya mini, Baba."

Ruwan fari ya kece ana tashi daga makaranta, bas cike da yara. Tana kunna waifa robar ta ɓalle tana lilo, ƙarfe na kankare gilashi. Ta kashe mota.

Baba ya bubbuga ƙofa. "Tafi mana! Leƙa kai ta taga, haka muke yi. Iyaye na jira. In kika makara, ajiye makullin!"

Ta sauko cikin ruwan, ta nufi rumfar da ya ajiye motarsa. Motar tasa kam sababbin waifa gare ta. Ta zare duka biyun, ta maƙala wa bas. Sun ɗan gaza tsawo, amma sun share tas.

"Ke! Nawa ne fa!"

"Aro ne, Baba. Motarka babu ɗan kowa a ciki."

Shugabar makaranta na tsaye a baranda, tana kallon komai.

'Yar Digiri ta sauke kowane yaro a ƙofar gidansu, ta dawo jiƙe sharkaf. Ba ta jira kira ba, ta shiga ofis ta ajiye makullin a tebur, kanta a miƙe.

Shugabar ta turo mata shi. "Gobe ki bi waifar sauran motocin da yatsan nan naki."

A waje, Baba na jiran waifarsa, ruwa na ɗiga daga hularsa.