Takardar Iyakar Gonar Inna Suwaiba

Wata huɗu ke nan da na gama jami'a, ina zama a shagon Kawu Labaran kafin a kira mu bautar ƙasa. Shagon yana bayan tashar Wudil, ana buga takardu da katin aure, ana ɗaukar hoton fasfo. Ni ce a kujerar kusurwa gaban tsohuwar kwamfutar tebur, Kawu kuma shi ne mai magana da mutane. Rabon ya yi mini daidai, domin idan baƙo ya kalle ni sau biyu sai harshena ya yi nauyi.

Ranar wata Talata da hantsi wata dattijuwa ta yi sallama. Suka gaisa da Kawu, ya tambayi gida da jikoki da mutanen garinsu Utai, har da ruwan da aka yi shekaranjiya. Sunanta Inna Suwaiba. Da gaisuwa ta ƙare sai ta kwance bakin zaninta ta fito da wata baƙar leda, ta zazzage ta a kan tebur. Gutsattsarin takarda ne da jar ƙasa.

"Gara ce ta yi mini wannan aikin, Alhaji," in ji ta. "A ƙasan akwati take tun rasuwar malam."

Takardar iyakar gona ce tsakanin mijinta, marigayi Malam Garzali, da maƙwabcinsa. Maƙwabcin ma ya rasu, ɗansa Sabo yanzu ya ce iyaka ba a gindin ɗorawa take ba, a layin ciyawar gamba take, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na gonar ya koma nasa. Dagaci ya ce a zauna yau bayan la'asar, kowa ya kawo abin da yake da shi, don a yanke kafin a fara shuka. Abin da Inna ta tuna shi ne, bayan an gama sa hannu, malam ya kawo takardar shagon nan an ɗauki hotonta a kwamfuta. Shekarar da aka yi auren 'yarta ta biyu ne, wajen shekara goma sha ɗaya.

Kawu ya gyara hula, ya leƙo ta kafaɗata ya ja kibod gabansa. Ya rubuta Garzali a gurbin bincike da yatsa ɗaya. Kafin ya ɗauke hannu kwamfutar ta ce babu.

"Kin gani, Inna. Ita wannan ba ta ƙarya. In ta ce babu, to babu."

Inna ta fara tattara gutsattsarin tana mayarwa cikin leda. Ba ta yi kuka ba. Ɗaya bayan ɗaya take tsince su, har da ƙasar.

"Kawu," na ce. Bai ji ba, sai da na sake. "Kawu, ba ta duba ko'ina ba."

"Radiyya, a gabanki fa na duba."

Na yi masa bayani ina kallon tebur. Kwamfuta tana da wani kundi da take jera sunayen fayil a ciki, in an tambaye ta nan take leƙawa, shi ya sa take amsawa da sauri. Amma kundin na babban faifanta ne kawai. Kawu kuwa duk kwamfutar da ta mutu a shagon sai ya sa a ciro faifanta a ɗaura a cikin wannan. Guda uku ne yanzu a ciki, ba wanda ya taɓa shigar da su kundin. Sai an tura ta da gangan ta bi su folda bayan folda.

"To tura ta mana, Injiniya," in ji Kawu. "Karatun nan dai yau a ga amfaninsa."

Na buɗe baƙin allon da ake ba ta umarni, na ce ta bi faifai na farko ta kawo duk fayil ɗin da akwai garzali a sunansa, ko Utai, ko iyaka, ko sunan mahaifin Sabo. Akwatin kwamfutar ya fara gurnani. Inna ta jawo benci ta zauna kusa da ni, tana kallon farin rubutu kamar za ta gane malam idan ya wuce. Faifan farko ya ci minti ashirin. Na biyu ya fi haka. Kawu ya tafi sallar azahar ya dawo, ni da Inna muka yi tamu a bayan labule, na uku bai gama ba.

Da ya gama na haɗa abin da aka samu. Garzali goma sha ɗaya. Katin aure, hoton fasfo, takardar neman aiki, ba ko ɗaya na gona. Na duba na Utai, na duba na iyaka, na duba na sunan mahaifin Sabo. Takardun mutane suka yi ta fitowa, ta Inna ba ta ciki.

"Yarinya ta yi ƙoƙari," Kawu ya ce a hankali. "Inna, ki je ki faɗi gaskiyarki, Allah yana nan."

"Gaskiyata ai na faɗa tun bara, Alhaji. Sabo bakinsa ya fi nawa tsawo."

Ni dai ban ɗaga kai ba, ina kallon Garzali goma sha ɗayan nan da ranakunsu. Wani abu ya tsaya mini. Dukkansu daga shekarar 2017 suka fara. Kafin nan faifai na biyu cike yake da Mudassir da Ƙasimu da Lukman, shekara biyar cur, amma ba Garzali ko guda. A Wudil! Garin da in ka kira sunan a bakin tasha mutum uku za su waiwayo.

"Kawu, wa yake zama a kujerar nan kafin 2017?"

"Antinki Rabi mana, kafin ta samu koyarwa. Ita ta riƙe shagon nan ina yawon ɗaukar hoton biki."

Sai na ji dariya tana taso mini, na toshe baki da mayafi. Anti Rabi matar Kawu ce, mahaifin Kawu kuwa, kakana, sunansa Alhaji Garzali. Tun da aka kawo ta gidan ba wanda ya taɓa jin sunan surukinta a bakinta. Akwai mai kayan miya a layinsu da ake kira Garzali, ita in za ta aika wurinsa sai ta ce a je wurin mai sunan Baba.

Na faɗa wa Kawu. Nan take ya ciro waya ya kira ta, ya buɗe murya kowa na ji.

"Rabi, lokacin da kike shago, in mai sunan Alhaji ya kawo aiki, da wane suna kike ajiyewa?"

"Wace irin tambaya ce wannan ina tsakiyar aji? Da sunan da ya dace mana."

"Wane ne ya dace?"

"Kai dai so kake ka sa ni faɗin abin da ban taɓa faɗa ba. A cikin takarda aikin mutane ne, dole in buga yadda aka ce. Amma sunan da zan ajiye ai ni ce nake kira. In zauna in kira Baba gatsau da yatsuna?"

"Kwamfuta ce fa, Rabi! Wa zai ji?"

"Ni zan ji. Radiyya tana nan? Ke, nemi mai sunan baba, ki ƙyale kawunki da surutu."

Inna Suwaiba ta gyaɗa kai ta ce, "Wannan 'yar gidan mutunci ce. Allah ya yi mata albarka."

Na sake tura kwamfutar, wannan karon faifai na biyu kawai, wanda shekarun suke ciki. Minti ashirin da biyar sai ga su sun jeru: mai sunan baba, mai sunan baba 2, mai sunan baba 3, har ashirin da uku. Ba gari, ba irin aiki, lamba kawai. Dole sai an buɗe kowanne.

Na farko hoton wani saurayi ne da tabarau. Na huɗu katin walima. Ina kan na tara aka ɗauke wuta.

Kawu ya fita da gudu, babbar riga a kafaɗa. Na ji yana jan igiyar janareto yana yi masa faɗa kamar ɗan cikinsa. A ja na shida ya tashi. Kafin kwamfutar ta gama farfaɗowa ƙarfe uku ta wuce, amma yanzu na san foldar da suke, ban sake jiran bincike ba. Na goma, na sha ɗaya, na sha biyu.

Na sha bakwai ya buɗe daga sama a hankali, layi bayan layi. Na ga kalmar yarjejeniya, na ga Utai, na ga ɗorawa.

Inna ba ta karatun boko. Ta matso har goshinta ya kusa taɓa gilashin, ta bi ƙasan takardar da ido inda aka dangwala yatsu huɗu da shuɗin tawada. Ta ɗora yatsanta a kan na farko. Akwai wani farin layi da ya ratsa tsakiyarsa.

"Ga shi nan. Lauje ne ya yanke shi yana saurayi." Ta juyo ta kama kaina da hannu biyu. "Alhaji, 'yar nan taka ba magana sai aiki!"

Kawu ya yi kabbara har masu shagon kusa suka leƙo. Na buga kwafi uku masu launi. Ina miƙa mata ta riƙe wuyan hannuna.

"Tashi mu je. Ke kika tono ta, ke za ki karanta."

"Inna, ni ban iya magana a gaban mutane ba."

"Wa ya ce ki yi magana? Karatu na ce."

Kawu ya rufe shago, ya tare mana adaidaita sahu. Mun isa ƙofar gidan dagaci ana shimfiɗa tabarmi. Maza sun kai ashirin, ni da Inna muka zauna daga gefe. Sabo ya fara, ya daɗe yana bayani, yana zana gona a ƙasa da tsinke. Da aka zo kan Inna sai ta tura ni gaba da gwiwar hannu.

Na durƙusa na gaida dagaci, na fara karatu. Layin farko ko ni ban ji kaina ba. Wani tsoho ya ce, "Ɗaga murya, 'yan mata, kunnuwan sun tsufa." Na ɗaga. Na karanta cewa iyaka ta tashi daga gindin ɗorawa ta miƙe gabas zuwa tsohuwar rijiya, gamba kuma Malam Garzali ne ya dasa ta a cikin gonarsa don ruwa kada ya ci ƙasa. Na karanta sunayen shaidu.

Sabo ya yi murmushi. "Ranka ya daɗe, kwamfuta fa aka ce. Yaran yanzu ko hoton mutum a Makka suna iya haɗawa bai taɓa zuwa Kano ba."

Aka yi 'yar dariya. Amma ni na riga na ga abin da ke gefen takardar tun a shago.

"Ranka ya daɗe," na ce, "akwai rubutun ajami a gefe, da hannu aka yi shi. Ni ban san mai shi ba. Ko akwai wanda ya sani a nan?"

Dagaci ya karɓa ya duba, ya miƙa wa tsohon da ya ce in ɗaga murya. Ashe limamin garin ne. Ya nisanta takardar da idonsa, ya matso da ita, sai ya yi dariya.

"Hannuna ne. Ni na rubuta addu'ar nan, a zauren nan. Ga yatsan ubanka kuma, Sabo, na biyu. Ina riƙe da kwalbar tawadar ya dangwala, har ya ɓata mini riga."

Sabo ya karɓi takardar ya daɗe yana kallon yatsan. Da ya ɗago, murya ƙasa ƙasa ya ce shi bai san da ita ba. Dagaci ya ce yanzu ya sani, a tashi a je gona tun da sauran rana.

Muka bi su a baya. Aka ja igiya daga ɗorawa zuwa rijiya, aka kafa duwatsu uku, liman ya yi addu'a. A yankin da ya dawo hannun Inna akwai tsibin taki har guda tara, an jera su tsaf.

Sabo ya sosa ƙeya. "Inna, to takin nan fa? Amalanke biyu na zuba makon jiya."

"Na gani, ɗan nan, sannu da ƙoƙari," in ji Inna Suwaiba. "Gobe da safe ka zo ka baza mini shi, jibi nake son in yi shuka."