Wa Za a Tura wa Ruwan Sanyi?

Tana zaune a bencin ƙofar ɗakin tiyata da farar rigar aikinta, takalmi ƙafa ɗaya, ɗayan ya zube tun a matakala. Autanta ne a ciki. Mota ta kaɗe shi a hanyar makaranta, aka kawo shi asibitin da uwarsa ke aikin jinya.

A sashen nan kowa ya san halin kowa, daga baki sai kunne. Sabuwar nas tun ba ta ajiye jaka ba ake jan ta gefe a karanta mata. Idan dangin majinyaci sun tada jijiyar wuya, a kira Dogo, shi ko marinsa aka yi sai ya ce sannu da ƙoƙari. Idan tsoro ne ko albishir, a tura Fara'a. Likita kuwa a bar shi da wuƙarsa, hannunsa zuma, bakinsa maɗaci. In kuma rai ya yi halinsa, a nemo Ruwan Sanyi. Ita ce wannan da ke kan benci. Shekara da shekaru ita ke gaya wa mutane abin da ba sa son ji, har su tashi suna yi mata godiya.

Wayarta ta yi ƙara. Mijinta ne, yana hanya.

"Me suka ce?"

"Ba su ce komai ba, Baban yara."

"Ke da kike cikinsu?"

"Yau a benci nake."

Ta ajiye wayar. Ta kafa wa ƙofa ido, don ta san wanda ya fito shi ne labarin. "Allah ka turo mini Fara'a," take ta faɗa a ranta. "Ko Dogo ma na yarda, ya zo ya ce a nemo jini, in zazzage shi tas, ya ce mini sannu."

Ƙofa ta buɗe, Fara'a ta fito. Ruwan Sanyi ta miƙe zumbur. Amma Fara'a ba ta dube ta ba, bango ta juya wa fuska. Dogo ya biyo ta yana murza hularsa, likita a bayansu. Suka cure wuri ɗaya suna magana ƙasa-ƙasa, sun manta kunnen uwa.

"Ke je ki mana," in ji Dogo.

"Wallahi ba zan iya ba. Ban taɓa yi ba."

"To dā can wa ke yi?" likita ya tambaya, sai kuma ya ciji leɓe.

Su ukun suka juyo suka dube ta.

Ta koma ta zauna. Ta daɗe tana kallon su. Sannan ta matsa gefe, ta dafa bencin kusa da ita.

"Ba a faɗa a tsaye," ta ce. "Ɗayanku ya zo ya zauna. Ya fara da kiran sunan yaron."