Agogo a Hannun Hagu

Alhaji Usaini ɗan masunta ne. A bakin kogin Chalawa ya taso, tun kafin kamfanoni su cika wajen, kuma shi ake turawa ƙarƙashin ruwa duk lokacin da taru ya maƙale a jikin itace, saboda ya fi kowa iya riƙe numfashi. Da ya girma sai ya bar su ya shiga harkar fata. Ya yi dakon ƙiraga, ya yi dillanci, daga baya Allah ya buɗa masa ya kafa kamfaninsa na jima a rukunin masana'antu na Chalawa, ba nisa da inda ya yi wasan ruwa yana yaro.

A wata tafiya da ya yi Italiya sayar da fata ya sayo agogon. Irin na masu nutso a teku ne, ƙato mai baƙar fuska da sarƙar ƙarfe, ba ya aiki da batir, motsin hannu ne ke ba shi rai. Abokansa sun sha yi masa tsiya cewa ina teku a Kano, shi kuwa sai ya ce musu ai duk cikinsu shi kaɗai ya taɓa ganin ƙasan ruwa da idonsa. Shekaru da yawa agogon nan bai bar hannunsa na hagu ba, da shi yake alwala, da shi yake tsoma hannu a cikin ruwan jima.

Rannan bayan sallar azahar yana tsaye kusa da manyan gangunan da ke juya fata, sai ya ji bakinsa ya yi nauyi, ƙafarsa ta hagu ta ƙi ɗaukarsa. A asibiti aka ce hawan jini ne ya kawo shanyewar ɓarin jiki. Aka cire masa agogo aka miƙa wa matarsa, Hajiya Hansatu, ta kai gida Ɗorayi ta ajiye a durowa.

Magana ta dawo, ƙafa ma ta dawo har yana takawa da sanda. Hannun hagu ne ya ƙi. Ya rame, yatsun sun lanƙwashe, da ƙyar yake ɗaga shi zuwa ƙirji. Babban ɗansa Nabil, wanda da ma shi ke kula da sitonsu na Sharaɗa, ya karɓi ragamar kamfani gaba ɗaya. Yaron kirki ne, kuma yana riƙe da aikin yadda ya kamata, Alhaji bai taɓa musun wannan ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne agogon da Nabil ya ɗaura masa a hannun dama, wani ɗan siriri mara nauyi da ke auna bugun zuciya yana aika wa wayar Nabil. Idan Alhaji ya ɗan hau bene, ba a jimawa waya za ta yi ƙara.

"Baba, na ga bugun zuciyarku ya hau. Me kuke yi?"

"Ina raye ne," in ji Alhaji.

Wata safiya bayan sun karya, ya kwance agogon Nabil ɗin da haƙori ya ajiye a kan faranti, ya ce wa Hajiya Hansatu ta ɗauko masa nasa.

"Alhaji, wancan ai ya yi maka nauyi yanzu."

"Ban tambaye ki nauyinsa ba, Hansatu. Ɗauko min."

Ta ɗauko. Agogon ya tsaya cak, allurarsa ba ta motsi. Ta zura masa a hannun hagu ta danna maƙallin, yana sauke hannun agogon ya zame har bayan tafinsa, saura kaɗan ya faɗi ƙasa. Hajiya ta kawar da kai. Shi kuwa ya daɗe yana kallon tazarar da ke tsakanin sarƙar da tsintsiyar hannunsa, don sai a lokacin ya ga iyakar ramar da ya yi.

Ya sa ta kira masa Sagir a waya. Sagir dillalin agoguna ne mai shago a Bompai, shi ke yi wa manyan 'yan kasuwar Kano hidimar irin waɗannan kaya. Ya ce zai zo gida da yamma.

"Ba gida ba," in ji Alhaji. "Ka same ni a ofishina na Chalawa da hantsi. Ka taho da duk irin maɗaurin da kake da shi."

Tun ranar da ya faɗi bai sake taka kamfanin ba, likita da Nabil sun haɗu sun hana. Direba ya ɗauka wajen masu gashin ƙashi a asibiti za su kamar kullum, sai ya ji an ce ya miƙe hanyar Panshekara. Ya buɗe baki zai yi magana, ya kalli fuskar Alhaji a madubi, ya fasa.

Warin jima ne ya fara tarbarsa tun daga bakin ƙofa, warin da baƙi ke toshe hanci saboda shi. Alhaji ya sauke gilashi ya shaƙa sosai. Ma'aikata suka yi ta fitowa suna gaishe shi, wasu da Hausar Jigawa, wasu da ta Damagaram, kowa idonsa na zamewa kan hannun. Bai ɓoye shi a cikin riga ba. Ya amsa gaisuwa ya shige ofis, ya tarar an sauya wa kujerarsa wuri, ya sa aka mayar da ita inda take.

Sagir ya iso da akwati, bai gama buɗewa ba sai ga Nabil ya shigo da sauri, an riga an kai masa labari a Sharaɗa.

"Baba, da kun faɗa min ai da na kawo muku shi har gida."

"Na sani. Zauna."

Sagir ya zagaya tsintsiyar hannun da ɗan tef na awo. Sannan ya ciro wani agogo daga cikin akwatin, kamar ƙanin na Alhaji, fuska iri ɗaya amma ƙarami.

"Ranka ya daɗe, gaskiya zan faɗa. Naka milimita arba'in da huɗu ne, kunnuwansa masu riƙe maɗauri sun wuce faɗin hannun yanzu. Wannan talatin da tara ne, shi ma na nutso ne, kuma zai zauna daram. Idan ka yarda sai mu yi musaya."

Alhaji ya bari aka ɗora masa. Ya zauna daram ɗin kuwa, ya yi kyau, kuma shi kansa ya ga hakan. Abin da ya ƙara ɓata masa rai ke nan. Agogo ne da aka auna da hannun majinyaci, ya kuma dace da shi.

"Cire," ya ce. "Ba agogo na ce ka kawo ba. Maɗauri na ce."

Nabil ya gyara zama. "Baba, ko ba don girma ba, akwai wata matsalar. Agogon nan sai hannu yana motsi yake tafiya. A hagu tsayawa zai dinga yi. Ku mayar da shi dama mana."

"Idan na sa a dama, wa zai dinga ɗaura min? Kai za ka taso daga Sharaɗa kullum, ko uwarka zan dinga miƙa wa hannu kamar jariri? A hagu yake tun kana makarantar firamare, a nan zai zauna. In ya tsaya laifin hannun ne, ni da shi za mu yi ta."

"Likita ya ce..."

"Likita ya ce in dinga motsa shi. Ka ji ya ce in rataye shi a wuya ina kallo?"

Sagir ya shimfiɗa maɗauran a kan tebur ya fara da sarƙar da ke jikin agogon, ya ce zai iya rage mata ƙwayoyi ta matse. Alhaji ya ƙi. Fatar hannun ba ta jin zafi sosai yanzu, ƙarfe zai iya cin ta ya yi gyambo bai sani ba, masu gashi sun gargaɗe shi a kan irin haka. Sagir ya ɗauko na fata, ruwan ƙasa mai sheƙi, ya ce daga Turai aka kawo. Alhaji ya karɓa ya murza da babban yatsa, ya kai hanci ya shinshina.

"Akuya ce, jimar ta yi kyau. Wa ya sani ma ko daga Chalawar nan ta tafi. Amma mutumin da ke alwala sau biyar yana kuma yawo cikin ruwan jima, kafin damina ta wuce ta ruɓe a hannunsa. Ajiye wa masu zama a ofis."

Saura na roba guda biyu. Ɗaya yana da maƙalli na ƙarfe da ake dannawa, hannu ɗaya ya isa a rufe shi, sai dai dole a yanke robar daidai da hannun mai shi. Sagir ya ce wannan ya fi dacewa, har ya ɗauko reza.

"In ka yanke, ana iya mayarwa?"

"A'a, ranka ya daɗe. Abin da aka yanke ya tafi."

"To ba za ka yanke min komai daidai da hannun yau ba. Ba ni mai hudojin."

Ɗayan baƙar roba ce mai kauri, da harshe da hudoji kamar bel ɗin wando. Sagir ya cire sarƙar ya sa shi. Aka gwada, ko a hudar ƙarshe agogon yana juyawa. Sagir ya ce sai dai ya koma da shi shago a ƙara huda.

Alhaji ya yi dariya, karo na farko tun safe. "Kana cikin kamfanin fata kana neman inda za a huda maɗauri? A kira min Shu'aibu."

Malam Shu'aibu tsohon ma'aikaci ne, shi ke yanka samfurin fatar da ake aika wa masu saye, kuma tare suka fara da Alhaji tun kamfanin yana rumfa ɗaya. Ya shigo da ƙarfen huda da guduma, ya kama hannun Alhaji ba tare da wani tausayi a fuska ba, ya juya shi kamar yana duba ƙirgi, ya sa alama da biro. Bugu ɗaya ya yi a kan katako.

"Kar ta matse shi," in ji Alhaji. "Ka bar wurin da ɗan yatsa zai shiga."

"Na bari. Ai ba yau na fara ganin hannunka ba."

Nabil ya miƙa hannu zai ɗaura masa. Alhaji ya janye.

Ya kifa agogon a kan cinyarsa, ya kama hannun hagu da na dama ya ɗora a kai. Ya jawo bakin robar zai zura, agogon ya sulluɓe ya faɗa kan kafet. Sagir ya runtse ido. Malam Shu'aibu ya ɗauko ya mayar masa kan cinya. Ya sake gwadawa, robar ta shiga amma harshen ya ƙi samun huda. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Yana jin numfashin Nabil a gefensa, yana kuma jin yadda yaron ke danne kansa kada ya sa hannu. Sai ya danne agogon da ƙirjinsa a jikin tebur, ya ja robar da haƙori, ya tura harshen da babban yatsa har ya ji ya faɗa.

Ya zauna yana haki. Ya warware ɗan maɓallin gefe ya yi ta murza shi da yatsu yana ba agogon wani, ya tambayi Sagir lokaci ya saita. Allurar ta fara zagayawa.

"Wannan wanin zai kai ka gobe ko jibi," in ji Sagir. "Daga nan sai abin da hannu ya ba shi."

"Na ji. Nabil, ɗauko min sandata. Gangar can ta ƙarshe tun da na shigo nake jin ƙararta ba daidai ba."

Nabil ya tsaya kamar zai yi musu, sai ya ɗauko sandar. "Bel ɗinta ne. Na yi odar wani, bai iso ba."

"Shi ne ka bar ta tana aiki?"

"Akwai kayan da za mu tura ƙarshen wata, Baba."

Suka fita suna gardama, uban yana jan ƙafa, ɗan yana rage sauri don kada ya wuce shi.

Hannun bai dawo yadda yake ba. Yatsu biyu sun saki har yana riƙe carbi da su, sauran sun ƙi. Agogon yakan tsaya wani lokaci, musamman ranakun da jikin ya yi masa nauyi, sai ya yi tsaki ya saita shi da wayar direba, ya kama hannun ya yi ta lilo da shi a bayan mota har su isa Chalawa. Kamfani ya ci gaba da zama a hannun Nabil, Alhaji da bakinsa ya faɗi haka a gaban ma'aikata. Sharaɗinsa kawai shi ne kada a sake aiko masa da rahoto gida, duk mai magana da shi ya same shi a ofis. Hajiya Hansatu ta yi fushi na ɗan lokaci saboda komawarsa kamfani, daga baya ta koma zuba masa abincin rana a kula tana ba direba, tare da maganin hawan jini a ƙulle a leda, wanda Malam Shu'aibu ke tsayawa a kansa sai ya ga ya haɗiye.