Ƙararrawar Ɓarayi

Allura na tsakiyar hannun riga ƙararrawar gidan Baba Akawu ta ɓarke da ihu. Mai ɗinki ta ɗauke ƙafa daga kan keke. Rana ce tsaka, an ɗauke wuta tun safe, layin wayam, kowa ya tafi nema. Ga shi kuma ba a daɗe ba ɓarayi suka faɗa wani gida a bayan layi da rana kata, suka sari maigidan a kafaɗa.

Ta ruga ta danna sakata, ta jawo teburin yanka ta tokare ƙofa. Katanga ɗaya ce tsakaninta da tsohon, wanda ke zaune shi kaɗai tun rasuwar matarsa. Ta ɗauki waya ta lalubo lambar 'yarsa, wadda ke aiki a wani gari mai nisa. Ita ce ma ta sa aka ɗaura masa na'urar.

"Yaya, ƙararrawar Baba ce ke kuka. Ina jin an shiga masa."

"Kada ki kuskura ki fita," in ji 'yar. "Da ta yi kuka kamfanin da ya ɗaura ta ke gani a ofishinsu. Yanzu za ki ga motar masu gadinsu. Ki zauna inda kike, don Allah."

Ta zauna. Ta tsuguna a gindin katanga da almakashi a hannu, ta kasa kunne. Sai ta tuna gab da fara ihun ta ji kamar ana jan wani abu mai nauyi a ƙasa. Akwati ne? Ko mutum? Kowace mota ta gifta bakin titi sai ta ce gata nan, motar kuma ta wuce abinta.

Aka ƙwanƙwasa tagar baya, saura kaɗan almakashin ya faɗi. Bakaniken da ke bayan gidan ne, ya manne da bango kamar ƙadangare, riƙe da sifana.

"Mai keke, kina raye?"

"Yi ƙasa da murya, Malam. Kamfanin na hanya."

"Wane kamfani?" Ya girgiza kai. "A gabana Baba ya kori mai gyaransu. Mutumin ya zo sabunta yarjejeniya, wai a canza batir a duba layin da ke kai musu saƙo. Baba ya ce abin da bai yi ciwo ba, me zai kai shi asibiti duk shekara? Ya ce gara ya sayi nama ya ci. Har ya roƙe ni kada 'yarsa ta ji."

"Kenan ba mai zuwa?"

"Kukan nan daga ni sai ke muke jin sa."

"To ka leƙa mana, kai ne namiji."

"Namiji da sifana, su da adda? Kina son ɗinka mini likkafani ne? Na kira abokan aikina, in mun yi yawa sai mu shiga."

Suna haka muryar ƙararrawar ta fara dusashewa. Ta koma kamar kukan tsohuwar akuya, ta yi gwalan-gwalan, ta ɗauke. Shirun ya fi ihun ban tsoro.

Sai ƙararrawar ta sake yin ƙara, 'yar gajeriya. Ta tsaya. Ta kuma yi. Ta tsaya.

"Batir ne ke mutuwa," bakaniken ya raɗa.

"A'a." Mai ɗinki ta miƙe a hankali. Ranar da aka ɗaura na'urar tana wurin, ta ga an manna wani jan maɓalli a bangon zaure, an ce wa Baba in wani abu ya same shi ya danna. Amma duk layin ƙararrawar ɓarayi suke ce mata, shi ya sa da ta yi kuka ba wanda ya kawo wani abu a ransa sai ɓarayi. "Malam, dannawa ake yi ana saki. Ɓarawo ba ya sallama. Baba ne ke kira."

Ba ta san lokacin da ta ture teburin ba. Ta fita ba takalmi, ƙasa na ƙona tafin ƙafarta. In fa ta yi kuskure? In ƙofar ta buɗe kan mutum da adda? Ta tura ƙofar gidan tsohon, a kulle ta ciki. Tagogi duk lafiya lau. Bakaniken ya iso yana haki, ya sa sifana ya ɓalle makullin.

Babu kowa a zauren sai shi. Yana kwance a kan siminti, ya jawo jikinsa tun daga madafa, takalminsa ɗaya can baya. Gefen bakinsa ya karkace. Hannunsa mai sauran motsi na riƙe da sandarsa, ya ɗaga ta sama yana laluben maɓallin da kan sandar.

"Baba, ni ce. Ga mu nan." Ta ɗora kansa a cinyarta.

Ya daɗe yana kallonta kafin harshensa ya juya.

"'Yata... na ɗauka ba kya nan."

"Ina nan, Baba. Ina nan tun ɗazu."

Bakaniken ya ruga tayar da mota. Tana jin injin na tari yana ƙin kamawa lokacin da sandar ta sulale daga hannun tsohon ta kwanta a ƙasa. Ta kira shi, ta sake kira. Sannan ta sa yatsu ta rufe masa ido, ta warware mayafinta ta lulluɓe shi.

Wani ƙauri ne ya tashe ta. Ta bi shi har madafa. Butar shayi na kan wuta, ruwan ya ƙone ƙurmus, gindinta ya yi baƙi, ga kofi an zuba sukari yana jira. Ta murɗa gas ɗin ta kashe, ta tsaya tana jin butar na ƙas-ƙas tana hucewa.